Rasuwar Egya Bentsil, Jirgin da Ya Mutu a Tudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ba zan ɓoye wa kowa ba, ni Kobina Essuman, babban makanikin sansanin sojan ruwa na garin nan, nake sanar da rasuwar ƙaramin jirgin sintirinmu, wanda duk bakin teku ya sani da suna Egya Bentsil. Ya cika yana da shekara ashirin da shida, a kwance kan katako.

Marigayi ba kyakkyawa ba ne. Da safe sai ya yi tari, kof-kof-kof, kafin ya kama dum-dum-dum ɗin nan da mata masu ƙyafa kifi ke ji su san an tafi nemo mazajensu. Cikinsa ba zurfi, don haka shi kaɗai ke iya tsallake yashin bakin kogi idan igiyar ruwa ta kifar da kwale-kwale. Ƙanena Fiifi masunci ne, sau biyu marigayi yana tsamo shi. Yakan zolaye ni ya ce, "Yaya, ka kula da tsohon nan, ya fi ka amfani a gidanmu."

Ciwon ajalinsa 'yar farfelar roba ce mai tura ruwan sanyaya inji, ba ta kai tafin hannuna ba. Ta tsage. Na cika takarda kwafi huɗu na kai wa Anti Araba mai riƙe da sito. Ta bi littafinta da yatsa ta ce, "Kobina, wannan lambar babu ita, sai an rubuta hedkwata." Hedkwata ta ce ai lambar ta canza, a sake cikawa. Muka sake. Wata goma sha ɗaya ana wannan.

To, kun dai san halinmu: jirgin da ya kwanta ya zama shagon 'yan uwansa. Aka ɗauke batir. Aka ɗauke rediyo. Kwamanda ya dafa kafaɗata ya ce, "Aro ne, kafin robarka ta iso." Ni da hannuna na kwance masa kan inji, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A watan Yuni, wata rana da hantsi, iska ta taso, kwale-kwale uku suka kife a bakin kogi. Manyan jiragenmu biyu suka tsaya daga nesa, yashi ya hana su matsowa. Mutum biyar ba su fito ba, har da Fiifi. Ina tsaye a gaɓa ina kallo.

Bayan mako uku aka turo masana gyaran tsarin sito, su ƙirga komai su zuba a kwamfuta. Aiki mai kyau, wallahi, ban raina ba. A kantar sama, bayan gwangwanayen fenti, suka sauko da wani kwali mai ɗauke da wata lamba ta zamanin da. Farfela goma sha biyu ne a ciki, sababbi fil. Taku arba'in ne daga nan zuwa inda marigayi ke kwance, na auna da ƙafata. Anti Araba ta zube a ƙasa tana cewa, "Kobina, duk Juma'a ina share kwalin nan." Har yau ba ta iya haɗa ido da ni.

Marigayi ya bar manyan jirage biyu masu yawo da kayan cikinsa, da farfela goma sha biyu waɗanda yanzu kwamfuta ta san da zamansu, sai kuma ni.

Za a yi jana'iza ranar Talata, tunda masunta ba sa shiga teku ranar. A zo cikin baƙi da ja. 'Yan gwangwan za su iso da wutar yanka ƙarfe da misalin tara na safe, bayan nan a ci dokunu, tuwon masarar nan namu mai tsami, da soyayyen kifi a ƙofar ɗakin gyaranmu. Ba ma buƙatar jawabi daga hedkwata.

Masu tambayar ranar jana'izar Fiifi su yi haƙuri. Teku ba ta dawo mana da shi ba, kuma uwarmu ta ce ba za ta binne akwati ba kowa a ciki ba.