An Sa Wa Gwaggo Birkin Zamani

Jama'a, yau da kumburarren leɓe nake muku magana, sai ku yi haƙuri in kun ji zancen yana fita a karkace. Ba dambe na yi ba, ba kuma uwargida ce ta gaji da halina ba. Bayan motar shara na sumbata, a gaban manyan mutane, har aka tafa.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. A unguwarmu akwai wata tsohuwar babbar mota mai kwashe shara, muna ce mata Gwaggo. Ta girmi aurena, ta girmi kwaltar layinmu tun zamanin da ake ganin kwaltar. Direbanta ƙanin matata ne, wanda kowa ke kira Giya-Ɗaya, domin Gwaggo ba ta taɓa yarda an sa mata giya ta biyu ba. Ba ta tashi sai an tura. In ta tashi kuwa, tari take tana hayaƙi har sauro ya bar unguwar. Amma dai tana zuwa. Ko da rana ta take, za ka ji ta tafe tana nishi, ta kwashe abin da muka tara ta yi gaba.

Ana nan sai Mai Girma Uban Ci-gabanmu, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya tafi ƙasar waje ƙaro ilimi. Ya ga tituna kamar an lashe, ya ga motocin shara suna ƙyalli. Da wani ne, da ya dawo sai ya ce a gyara injin Gwaggo. Amma shi mai hangen nesa ne, ba irinmu ba. Ya leƙa ƙarƙashin motocinsu ya gano asirin: birki ne. Ashe duk dattin da muke ciki, birkin ganga ne ya jawo mana.

Giya-Ɗaya ne ya kawo mini labarin, ya kuma daidaici lokacin cin abinci kamar yadda ya saba. Ya zauna ya janyo kwanona.

Ya ce, "Yaya, an tuna da mu. Za a cire wa Gwaggo birkin ganga a sa mata na faifai."

Na ce, "Mene ne bambancin? Ka kuma bar mini naman."

Ya ce, "Na ganga wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce a cikin taya. In na taka, wasu takalma su buɗe su tokare ta daga ciki. Tsohon yayi ke nan, da ya yi zafi sai ya saki. Na zamani faifai ne, in ka taka sai wani abu ya cafke shi ta gefe biyu, kamar yadda matarka take cafke kunnenka."

Na ce, "To, na ji. Amma ai sai mota ta yi gudu birki yake zafi. Yaushe Gwaggo ta yi gudu? Rannan da idona na ga kaza ta sha gabanku, ta tsaya tana jiran ku."

Ya ce wai ni matsalata ba ni da kishin ci gaba. Uwargida ta goya masa baya, ta ƙara masa miya.

Aka zo aka ja Gwaggo zuwa gareji, aka ɗora ta a kan duwatsu, aka cire tayoyin. Gangunan nan da aka kwance, masu nauyin gaske, tun a ranar suka yi ƙafa. Na tambayi makanike inda suka shiga, ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce an kai su ajiya. Ban san wurin ajiyar ba, amma mai sayen tsohon ƙarfe na bakin kasuwa ya yi wa shagonsa sabon fenti a makon.

Faya-fayan suka iso a cikin kwali mai rubutun waje. Aka gwada, ramukan ƙusa ba su dace ba. Ashe na wata irin mota ce daban, wadda aka ƙera bayan Gwaggo ta yi jika. Aka kafa kwamiti. Kwamiti ya tafi ƙasar da aka yi faya-fayan don ya ga ramukan da idonsa. Suka dawo sun yi ƙiba, suka ce a huda sababbi. Aka huda. Da aka zo mayar da tayoyi, sai suka ƙi shiga, domin abin da ke cafke faifan ya fi cikin tayar girma. Aka kafa ƙaramin kwamiti a cikin babban.

Mu kuma a unguwa, shara ba ta san ana taro ba. Ta taru a bakin layi, ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ta zama tsauni har awaki suna hawa su hango gari. Maƙwabcina mai shayi, wanda teburinsa ke kusa da wurin, ya ce mini, "Malam, yanzu ƙudaje ne manyan kwastomomina. Suna zuwa da wuri, suna shan madara, sai dai ba sa gaisuwa." Dariya na yi, amma shi bai yi ba, don bencinsa ya zama wayam.

Sai damina ta sauka. A nan ne dariyar ta ƙare. Shara ta gangara ta toshe kwata, ruwa ya rasa hanya, ya zaɓi ɗakin da ya fi kowanne ƙasa a layin. Ɗakin Inna Mai Keke ne, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, take riƙe da jikokinta da ɗinki. Muka shiga muka tarar da ita tsaye cikin baƙin ruwa har ƙwauri, ta ɗaga yadin mutane a ka, keken ɗinkin yana kwance a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗana, ku fara ɗaga keken." Muka ɗaga shi yana zubar da laka. Har yau bai koma daidai ba, in ta taka sai ya tsinke zare. Giya-Ɗaya na cikin masu kwashe ruwan, kuma tun daga ranar ya rage zancen faifai.

To, jiya aka yi shela cewa aiki ya kammala, yau za a ƙaddamar. Aka kafa rumfa a bakin layinmu, aka jera kujeru, aka rufe tsaunin sharar da wani ƙaton ƙyalle mai hoton Mai Girma yana murmushi. Ban taɓa ganin hoto ya dace da wurinsa haka ba. Aka jawo Gwaggo da wata motar tun da sassafe, aka aje ta a saman gangare, an wanke ta, an ɗaura mata kintinkiri.

Mai Girma ya yi jawabi. Ya ce daga yau mun shiga sahun ƙasashen da suka ci gaba. Ya ce 'yan baya za su riƙa ba da labarin wannan birki. Sannan aka kama masa hannu ya hau kusa da direba. Giya-Ɗaya ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Gwaggo ko tarin da ta saba ba ta yi ba, domin duk watannin nan babu wanda ya buɗe bonet ɗinta, har ɓera ya yi iyali a ciki.

Mai riƙe da lasifika bai ko girgiza ba. Ya ce, "Yanzu al'umma za su nuna goyon bayansu." Wani mai ƙaton ƙirji ya dafa kafaɗata, ya dafa ta mai shayi, sai ga mu a bayan Gwaggo muna nuna goyon baya. Muka tura. Ta motsa, ta kama gangare, ta fara gudun da ba ta taɓa yi ba tun da aka ƙera ta, mu kuma muna biye da ita a guje, hannuwanmu a jikinta, don an ce kada a saki sai an ɗauki hoto.

Can sai Mai Girma ya ɗaga hannu ya ce, "Taka!"

Giya-Ɗaya ya taka.

Jama'a, in faɗi gaskiya komai ɗacinta a bakina: birkin nan yana ci. Gwaggo ta tsaya cak. Hular Mai Girma ta fita ta taga. Ni kuma, da ba a sa mini birkin zamani ba, na ci gaba da tafiya har bakina ya haɗu da ƙarfe. Mai shayi ya haɗu da bayana. Rumfa ta kaure da tafi.

Mai Girma ya sauko yana shafa goshi, ya ce, "Kun gani? Ta tsaya!"

Inna Mai Keke na gefe da jikarta a hannu. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai tun bara take tsaye. Yaushe za ta tafi?"

Lasifika ta ɗauki maganar, kowa ya ji. Mai Girma ya yi murmushi ya ce wannan tambaya ce mai muhimmanci, za a duba ta. Aka kunna kiɗa, aka buɗe masa ƙofar mota mai baƙin gilashi, aka naɗe ƙyallen hoton aka tafi da shi, aka bar mana abin da ke ƙarƙashi.

Gwaggo kuwa tana nan inda ta tsaya, ta gilma a bakin layi. Birkin ya cafke ya ƙi saki. Mun taru mun tura, ko gezau. Mai babur sai ya sauka ya ratsa ta gefen kwata, mai mota kuwa sai ya kwana a waje. Giya-Ɗaya yana zaune a inuwarta ya yi tagumi, ko abincin rana bai zo ci ba, abin da ya tayar wa uwargida hankali fiye da bakina.

Amma kada ku ce an manta da mu. Da yamman nan makanike ya zo da abin awo yana zagaya motar. Na tambaye shi ko injin za a duba. Ya ce a'a, wannan sai a kashi na uku. Kashi na biyu, Mai Girma ya lura da irin gudun da Gwaggo ta yi yau, hankalinsa ya tashi, ya ba da umarni a sa mata na'urar rage gudu.