Binciken Sallau Mai Faci

A garin Tsamiyar Dogo an yi wani mai facin taya, Sallau, wanda in ka ce masa ya tsaya nan har ka dawo, to ko bayan kwana biyu a nan za ka same shi. Shekararsa arba'in bai yi aure ba. Gwaggonsa Ladingo ke yi masa tuwo tun rasuwar mahaifiyarsa, ga shi ciwon gwiwa ya ci ƙarfinta, ta ce da an gama girbi za ta koma wurin 'yarta a Funtuwa. Babban abin da ke damunta shi ne ta tafi ta bar shi shi kaɗai a gida. Sai ta roƙi maƙwabcinsu Malam Habu, malamin firamare, ya sa shi cikin zauren wasaf na Hajiya Tasalla mai dalilin aure, inda maza da mata ke rubuta halinsu, kowa na yabon kansa.

Wata rana Malam Habu ya ce masa, "Kada ka yarda da abin da mace ta rubuta sai ka gwada ka gani." Akwai wadda ta rubuta cewa ita mai haƙuri ce ƙwarai. Sallau ya ce zai zo zance bayan azahar. Ya je kuwa, amma ya laɓe bayan dalbejiyar ƙofar gidansu yana leƙenta tana fitowa tana komawa. Sai dab da magariba ya fito yana murmushi. "Sau huɗu kika yi tsaki, na ƙirga," in ji shi. Ruwan wanke-wanke ne ya rako shi har bakin titi.

Wata rana Malam ya ce, "Hoto ma ana yi masa kwalliya. Ka riƙa haɗa na waya da na zahiri." Sallau ya je gidan wata, aka shimfiɗa masa tabarma, ta fito ta gaishe shi. Ya ɗaga waya kusa da fuskarta, ya dubi nan, ya dubi can, sannan ya ƙwala wa mahaifinta kira. "Baba, an yi kuskure. Wannan yayarta ce. A fito da ta cikin wayar." Ita ce dai, kuma ba ta da yaya. Takalminsa ɗaya har yau yana gidan.

Wata rana Malam, da bai daddara ba, ya ce, "Masoyin mutum ba ya faɗin aibinsa. Ka ji ta bakin waɗanda ba sa shiri da ita ma." Sallau ya shiga unguwar su wata Talatu gida-gida yana tambaya, "Salamu alaikum, akwai mai gaba da Talatu a nan?" Ya samu mata shida. Don kada ya yi zalunci, ya kwaso su duka zuwa ƙofar gidanta domin ta kare kanta. Sai da mai unguwa ya zo da kansa aka raba. Hajiya Tasalla ta aiko da saƙon murya cewa in ya ƙara ko sau ɗaya za ta cire shi daga zauren.

Ranar Gwaggo ta yi kuka sosai, don dawa ta riga ta nuna, tafiyarta ta matso. Malam Habu ya fusata. "Kai da kake tona 'ya'yan mutane, wa ya tona ka? Je ka yi wa kanka irin binciken da kake yi musu mana!"

Sallau ya ce to. Ya kunna waya ya bi gari yana ɗaukar muryar duk wanda ke jin haushinsa. Wani ɗan acaɓa ya ce facinsa ba ya kai kasuwa biyu. Mai shayi ya ce in Sallau yana shan shayi ana ji daga masallaci. Wata maƙwabciya ta ce, "Wawa ne na ƙarshe. Amma dai ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, kuma shi ke goya tsohuwar nan zuwa asibiti." Minti arba'in cif, bai yanke ko tari ba, ya tura zauren a matsayin bayaninsa.

Aka yi ta dariya kwana biyu. A rana ta uku wata bazawara, Kulu mai ɗinki, ta zo da ƙafarta har rumfar faci tare da Hajiya Tasalla. Mijinta na fari a wannan zauren ta same shi, ya rubuta ɗan kasuwa ne mai sanyin hali, aka wayi gari babu kasuwar babu halin.

"Hajiya, sauran duk sai bayan an ɗaura zan ji irin wannan," in ji Kulu. "Shi na ji tun yanzu, kuma na auna, zan iya ɗauka."

Gwaggo, da ke zaune a gefen rumfar, ta rangaɗa guɗa har da tari. Sallau kuwa ya ɓata fuska. "Ai ba a gama ba. Akwai mutum biyu da ban samu a gida ba."

"Ƙyale su," in ji Kulu. "Ka rage mini abin da zan gano da kaina."