Rashin Ladabin Tabawa

A wani daji da ke bayan wata masana'antar robobi, an yi wata macen ɓera mai suna Tabawa, fara sol, mai jajayen idanu. Ba 'yar dajin ba ce. A keji aka haife ta, a wani ɗakin gwaje-gwaje na mutane, kuma ranar da aka manta ba a rufe kejin ba ta sulale, ta bi kwata har ta faɗo dajin. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi wata marainiya, Ladiyo, tun tana jajir ba gashi har ta aurar da ita a ramin da ke jikin nata.

Tabawa akwai baki. In an zauna hira sai ta gyara zama ta ce, "Mu da muka zauna da masana," sannan ta ba da labarin ruwa mai ƙamshi da ake kawo musu a kwalba, da yadda masu fararen riguna ke ɗaga ta su auna nauyinta kamar zinariya. Ƙarshen labarin ne ba ta cika kaiwa ba, don farkonsa ya fi daɗin faɗa.

Ana nan sai masana'antar ta sako bututu cikin rafin dajin. Ɓeraye suka sansana, suka ji ƙamshi, suka dubi juna suka ce, "Ai ruwan su Tabawa ne ya zo mana har gida!" Nan take aka yi watsi da tsohon tafkin kan tudu mai ɗanɗanon laka. Tabawa ma ta sansana, ta ja da baya, domin ta san ƙamshin sarai.

Ba a jima ba bukin suna ya fara wuya a dajin. Tabawa ta ja Ladiyo gefe, wadda ba ta daɗe da fara bin sa'o'inta rafin ba, ta roƙe ta ta daina sha. Ladiyo ta yi dariya ta ce, "Haba Inna, ke kin sha naki kin more, mu ne za ki hana?" Tabawa ta ga laifin nata ne. Ita ta yi wa ruwan nan talla da bakinta, kyauta, ba wanda ya sa ta. Ga shi kuma ba abin da take so a duniya kamar ta ga 'ya'yan Ladiyo.

Da abin ya ishi kowa, Magajiya Gafiya, shugabar majalisar dajin, ta kira taro a gindin suri. Majalisar tana da wata tsohuwar ƙa'ida mai kyau: ba mai magana a kan haihuwa sai wadda ta haihu a shekarar. An kafa ta ne don a huta da surutun maza. Aka duba, aka ga bana ba wadda ta haihu, har da Magajiyar. Aka zauna shiru ana kallon juna, sai Kurege, mai kula da ƙa'ida, wanda ya kwashe rabin yini yana bayanin dalilin shirun. Shi ba maganar haihuwa yake yi ba, maganar ƙa'ida yake yi.

Tabawa ta ga rana na neman faɗuwa a banza, ta miƙe ba wanda ya kira ta.

"Ranki ya daɗe, Magajiya, na san ba ni da bakin magana, amma ku saurare ni. Inda na fito, keji biyu ne. Mu ana ba mu ruwa mai ƙamshin nan, na kusa da mu ana ba su ruwa zalla. Har tausayinsu muke ji, muna cewa an raina su. To, su suka yi ta haihuwa har kejinsu ya cika, mu ko ɗaya. Daga baya masu fararen riguna suka riƙa ɗaukarmu ɗaya bayan ɗaya suna buɗe ciki. Da kunnena na ji suna cewa gidan ƙwayayen haihuwar ƙawata ya yamutse kamar kauɗar tumatir, ƙwayayen sun mutu tun ba su nuna ba. Maganin da ake sa wa roba ta yi laushi suka zuba mana, don su ga abin da zai yi wa matansu. Ba girmama mu ake yi ba, gwada mu ake yi. Shi ne yanzu a rafinmu. Don Allah mu koma tafki."

Ta zauna tana haki, kuma, a faɗi gaskiya, tana ɗan jin daɗin yadda jawabin ya tsaru. Har ta fara tunanin yadda za ta karɓi godiya ba tare da nuna girman kai ba.

Kurege ya yi gyaran murya ya ce, "Ranki ya daɗe, jawabi ne mai ratsa jiki, ni kaina na ji tsigar jikina ta tashi. Sai dai tunda mai shi ba ta haihu bana ba, a ƙa'ida ba a yi shi ba, kuma abin da ba a yi ba majalisa ba za ta iya tattauna shi ba. Abin da aka yi, wanda kowa ya gani, shi ne miƙewa ba izini. Ina ba da shawara mu duba wannan."

Majalisa ta farfaɗo, don an samu abin da kowa ke da ikon magana a kai. Aka yi muhawara mai zafi, aka yanke hukunci mafi tsanani: an haramta wa Tabawa da duk mutanen gidanta ruwa mai ƙamshi, su je su sha na tafki tare da kwaɗi.

Ladiyo ta yi kuka, ta daina gaishe da Innarta. Kullum su hau tudu, ita a gaba tana kumbure-kumbure, Tabawa a baya tana jan ƙafa, tana ce wa ranta, "Kin ga ƙarshen zama da masana." Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma kafin damina ta ƙare Ladiyo ta haihu, 'yan jajaye cike da rami, sai Tabawa ta zauna a bakin ramin ta yi kukan da ita ma ba ta san tana ajiye da shi ba.

Majalisa ta sake zama, kuma yanzu akwai mai bakin magana guda ɗaya. Ladiyo ta miƙe ta ce, "Iyayena, abin da Inna ta faɗa gaskiya ne. Ruwan rafin ne. Ku dube ni, ku dubi kanku."

Aka yi tafi sosai. Magajiya ta share ƙwalla ta ce, "Yarinya, kin fitar da mu kunya, kuma majalisa ta ji maganarki, za a sa ta a zama na gaba. Amma ba zai yiwu uwar da ta haifa mana 'ya'yan bana ta riƙa shan laka ba. An yafe hukuncin. Daga gobe ke da jariranki a bakin bututun za ku sha, kafin kowa."

Kyautar majalisa ba a mayar da ita, Kurege ya riga ya buɗe baki zai karanto ƙa'idar. Ladiyo ta matso ta raɗa wa Tabawa, "Inna, ki yi wani abu."

Tabawa ta yi nazari. Ilimin da ta kwaso a wajen masana ta riga ta gwada shi, ta ga iyakarsa. Abu ɗaya ne ya taɓa yi mata aiki a majalisar nan. Ta miƙe ba izini, ta dubi shugaba ido cikin ido ta ce, "Magajiya, wallahi wutsiyarki kamar tsohuwar igiyar guga."

Wannan karon ba a yi doguwar muhawara ba. Aka dawo da hukuncin shan tafki, aka ƙara da cewa har 'ya'ya da jikoki.

Har yau in za a tsawata wa yara a dajin, da gidan Tabawa ake buga misalin rashin tarbiyya. Yaran sukan sunkuyar da kai, don dukkansu 'yan gidan ne.