Rasuwar Biyuret, Mai Auna Ƙarfin Asid a Gonar Iri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tambayar da na kasa amsawa, nake wannan sanarwa: shin ana karɓar shaidar wanda ya mutu bai rufe baki ba?

Ni Baƙo, mai awo a gonar irin auduga da ke bayan Funtuwa, ina sanar da rasuwar abokiyar aikina Biyuret, dogon bututun gilashi mai layukan awo da famfo a ƙasa. Ta cika jiya da hantsi, a hannuna.

Marigayiyar ta zo gonar nan shekarar samun mulkin kai. Ba ni da takardar makaranta, a gabanta na koyi aiki. Aikinta ɗaya ne. Da asid muke wanke angurya gashinta ya zube kafin a raba wa manoma, idan kuwa ya yi ƙarfi ya ƙone irin har ƙwaya. Sai in zuba asid kaɗan a kwalba da maganin launi, ita kuma ta riƙa sako ruwan soda, ɗis, ɗis, ɗis, har kwalbar ta koma ruwan hoda. Layin da ta tsaya shi ne gaskiyar asid ɗin. Ba ta taɓa cewa "kusan" ba.

Ta yi fama da ciwon famfo, ruwan soda ya riƙe mata shi. Baba Labo mai gadi ya shafa mata man shanu, ta ɗan samu sauƙi. Jiya muna auna asid ɗin wani durom da ruwan sama ya shiga, wanda babu mai sanin ƙarfinsa yanzu, ina murɗa famfon sai ta ce ƙas. Kwalbar ta yi launi a daidai lokacin. Ɗigon ƙarshe ne ya juya ta, ko ambaliyar karyewar? Na ga wani layi kafin nan. Ina jin shi ne. Ba zan iya rantsuwa ba.

Ta rasu ta bar kwalba mai ƙunƙuntar wuya, da tsohon mazurari, da buhunan anguryar da mutanen Tsiga, Bakori da Maska suke jira, ga ruwan shuka ya sauka.

Manajan gona, Alhaji Aƙilu, ya zo gaisuwa. Na roƙe shi a aro wata biyuret daga makarantar mishan ta Malumfashi, ya ce motar gona ba za ta tafi ɗauko kwalba ba.

"Malam Baƙo, faɗi abin da ka gani mu wanke iri. Kusan ai ya isa. Kwana biyu nan gaba shuka ta wuce."

Gaskiyarsa. Jinkiri ma yana kashe gona. Wanne ya fi nauyi, in yi shiru damina ta wuce, ko in sa wa mamaciya maganar da ba ta ƙarasa ba? Na ce, "Ranka ya daɗe, zan faɗi layin. Amma buhun irin da za ka shuka a taka gonar za a fara tsomawa."

Ya daɗe yana kallon durom ɗin.

Za a yi jana'iza a ramin fasassun kwalabe da ke bayan sito. Baba Labo ya haƙa, na naɗe ta a ƙyallen akoko. Ana roƙon masu zuwa su sa takalmi. Ba a tsai da lokaci ba, sai Alhaji ya dawo, don da asubar nan ya karɓi makulli hannun direba, ya kama hanyar Malumfashi da kansa.