Injin Marigayi da Butar Tabawa

"Lafiya lau muka kwana, angon ƙarya. Yau kuma da wacce ka zo, na gan ka da kwali a hammata?"

"Amarya, ko gaisuwar ba za ki bari in ƙarasa ba? Haƙori biyu suka rage miki, amma bakin nan ya ƙi yin ritaya."

Badruddeen ne da kakarsa Tabawa, a tsakar gidanta da ke unguwar Rikkos a Jos, da safiyar Agusta ana yayyafi, sanyi na shiga har ƙashi. Izini ya zo nema. Motar marigayi kakansa, Malam Gwadabe, shekara biyu ke nan tana rumfa cikin tamfol, kuma a rabon gado hannun Tabawa ta faɗa. Shi kuwa ya ƙudura sai ya cire tsohon injinta ya ɗora wani mai gudu, ba tare da aljihunsa ya yi kuka ba. In tsohuwa ta ce a'a, magana ta mutu. Tsarin nasa a bayan kwalin taliya ya rubuta shi, kuma in za a faɗi gaskiya, shi kansa bai gama gane shi ba.

"Inji zan sa mata, ɗan Beljiyom, mai silinda shida," in ji shi. "Oga Okwuchi mai sayar da kayan mota a Dilimi ya ce zai yi mini sauƙi."

"Na cikinta fa?"

"Ya mutu, Hajiya. Sati biyu ina fama da shi, na sa sabon batir, na canza fulogi, ko tari bai yi ba."

"Kai ne dai ka mutu. To in an cire mata zuciya an sa ta wani Bature, motar wa ta zama?"

"Taki mana."

"Ni ban san Baturen ba."

Badruddeen ya share wannan, ya bi kwali da yatsa. "Daga nan sai turbo."

"'Yar gidan wa ce?"

"Ƙarfe ne, tsohuwa. Iska yake hura wa inji."

"Iska? A Jos? Kai da iska ta kwashe maka hula ranar Sallah har kasuwar Katako, yau ita za ka saya? Buɗe gilashi mana."

"Ba irin wannan iskar ba ce."

"Iri nawa ce?"

Ya duba kwali, sannan ya kauce wa tambayar.

"Bar wannan tukuna. Okwuchi ya ce injin zai zauna daram a kan giyarta. Amma Gyang mai walda ya ce ƙarya ne, sai an yanka gaba an canza giya. In an canza giya, wai sai lagireto. In gudu ya ƙaru, wai sai sabon burki da tayoyi masu faɗi. Ko kuwa burkin ne farko? Tsaya, ina jin nan na juya kwalin."

"To me zai rage na motar?"

Ya ƙirga da yatsa. "Ƙofofi. Da lamba."

"Madalla da miji. Gudun kuma ina za ka yi shi? Bayan keke Napep a layinmu?"

"Hanyar Vom a buɗe take."

"Ashe shanu za ka yi wa tsere. Wallahi su zan goya wa baya."

"Ke dai kishi kike, kar 'yan mata su ji ƙarar sabuwar salansa su biyo ni."

"Mutane na kai salansa gyara don ta yi shiru, kai za ka sayo mai ihu. Tashi ka sauko mini da butar ƙarfen can daga kan gawayi."

Ya ɗauka shayi za a sha, har ya fara waigen burodi. Sai ya ga ta dogara sanda ta nufi rumfa, ta ce ya yaye tamfol ya buɗe gaban mota. Ta karɓi buta, ta leƙa, ta fara tsiyaya ruwan zafi a hankali ƙarƙashin kafireto.

"Hajiya, za ki jiƙa waya! A wane gareji kika koyi wannan?"

"A garejin gidanku. Shekara talatin ina yi kowace safiya, kafin a san za a haifi mai kunne irin naka. Injin nan sanyi yake ji, shi ma ɗan Jos ne. Shiga ka taka mai sau biyu. Kar ka yi uku."

Ya shiga yana dariyar mugunta, ya riga ya shirya tsiyar da zai yi mata. Ya taka sau biyu, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya sake tari, sannan ya kama da wata tattausar murya mai ɗan rawa. Badruddeen ya daskare a kujera, ya rasa ta inda buta ta fi fulogi.

Ya leƙo don ya ce wani abu, sai ya ga Tabawa ta dafa ƙofa ta rufe ido.

"Haka yake yi in kakanka ya karyo kwanar layi," ta ce a hankali. "Da na ji sai in sauke tukunya. Shekara biyu ban ji ba."

Kunya da tausayi suka kama shi lokaci guda. Ya fito, ya naɗe kwalin taliya, ya je ya cusa shi cikin gawayi.

"Na bari, amarya. Kin ci."

Ta share ido da bakin mayafi, ta ƙyalƙyale da dariya har haƙoran nan biyu suka fito, ta miƙa masa buta.

"Ungo turbonka. Motar ma na ba ka, amma injin nan kar a taɓa shi. Kuma duk Juma'a ka karyo mini kwanar layin nan in ji."

"Ni da na zo neman silinda shida, na tashi da buta."

"Riƙe ta da kyau, mijina. Duk kayan da ka lissafa, ita kaɗai ka gane aikinta."