Gidan Lokos a Bayan Jaki

Wani ne can Danchadi, zamanin da gwamnatin farar hula ta giggina gidajen lokos, masu sauƙin kuɗi, a bakin hanyar Bodinga zuwa Shagari. Lebura ne a lambun albasar Alhaji Arzika. Ko rumfa ba shi da ita, sai jaki ɗaya, a gidan surukinsa yake raɓe shi da matarsa Zulai. Allah da ikonsa, rabo ya rantse, aka ba shi gida ɗaya: ciki da falo, rufin kwano, ƙyaure mai shuɗin fenti. Bawan Allah har da kukan murna.

Ranar ba da makulli malamin gidaje ya ja masa kunne.

"Gidan ga don a riƙe aiki munka yi shi. Amma ka ji da kyau: gambu, taga, kwano, dud na gwamnati na. In ɗaya ya ɓace, kai ma ka ɓace daga nan."

"Na ji, ranka shi daɗe."

Zulai ta zo ganin gida. Ta duba gabas, ta duba yamma, ba rijiya ba maƙwabci, sai kukan kurciya.

"Walle ba ni zama inda ba wadda za ni roƙa gishiri," in ji ta. Ta naɗe tabarmarta ta koma gidan ubanta.

To ga osteriti ta shigo, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai an sha layi, ɓarayi kuwa sun gane hanyar lokos. Wata safiya gogan naku ya fito, sai ya ga gidan da ke kusa da nasa baki buɗe, an ɗauke ƙyauren. In ya tafi aiki, wa zai tsare nasa? In ya zauna, me zai ci? Ya yi tagumi, can sai dabara ta faɗo masa. Ya kwance ƙyauren, ya ɗaure a bayan jaki, ya kama hanyar fadama. Bai isa ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

"Kai, wanga mine na?" in ji Alhaji Arzika.

"Gambun gwamnati na, Alhaji."

"To gidan hwa? Buɗe ka bar shi?"

"Babu komi ciki, Alhaji. Abin satar ga shi nan, na taho da shi."

Alhaji ya girgiza kai, ya sa aka shimfiɗa ƙyauren a kan hanyar ruwa, leburori suka samu gada.

Ba a jima ba aka sace tagogin gidajen kusa. Mutumin ya ƙara tagogi a kan kaya, ya koma zuwa aiki da azahar. Sai kuma aka yaye kwanon wani gida ƙaf. Shi ke nan, kullum da sassafe yana bisa rufi yana ciran ƙusa, ya lafta wa jaki, su kama hanya, kwano na ƙara kamar ana kiɗan ƙwarya, karnukan ƙauye na biye da su. Kafin su isa la'asar ta yi, leburori na wanke ƙafa. Ya sauke, ya sha ruwa, ya sake ɗaurewa, ya juya gida ya hau kafawa. Jakin nan ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Shi kuwa Alhaji, ɗan lokacin da kwanon ke nan, sai ya sa a jingina shi a kan sanduna, masu sayen albasa su sha inuwa.

Ran nan dai haƙurin Alhaji ya ƙare.

"Kai, yaushe rabonka da ba fangali ɗaya ruwa? Na sallame ka. Tai ka nemi wani ubangida."

Idon mutumin ya kawo ruwa. Ya durƙusa ya roƙa, Alhaji ya kau da kai. Ya tashi ya fara tattara kwanonsa.

"A'a, tsaya," in ji Alhaji. "Su mi sunka yi? Su ba su da laihi. Bar su nan su ci gaba da aikinsu, ga mai gadi, ba mai taɓa su. Kullum Jumma'a ka taho ka amshi geronsu."

Mutumin ya ga hakan ma sauƙi ne, ya hau jakinsa ya koma.

Bayan 'yan makonni sai ga malamin gidaje a mota fijo, ya zo ganin yadda gidaje suka taimaki ma'aikata. Ya tarar da bango huɗu tsirara, sama buɗe, ƙadangaru na sintiri. Mai gidan kuwa yana kwance a 'yar inuwar bango da rana tsaka, ya rufe fuska da hula.

"Kai! Tashi! Ina gambu? Ina kwano?"

"Sun tai wurin aiki, ranka shi daɗe."

"Wane irin aiki?"

"Lambun Alhaji Arzika, can Danchadi. Ko hwashi ba su yi."

Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"To kai mi kaka yi nan kwance?"

"Yo ranka shi daɗe, ba kun ce don a riƙe aiki kunka yi gidan ga ba?"

"Ƙwarai kuwa!"

"To ai ya riƙe. Ni anka kora."