Mutumin da Na Rataya a Bangon Ɗakina

Tun ina saurayi na san ni mutum ne mai kwarjini. Ba wanda ya gaya mini, a jikina nake ji.

Ranar ɗaurin auren wani abokina a Agiye, mu maza duk shadda iri ɗaya muka ɗinka. Da la'asar mai hoto ya baje hotuna a tabarma, kowa na neman nasa. Kallo ɗaya na yi na gane kaina: dogo, mai faɗin kafaɗa, ido kamar na alƙali. Na saya, na rataya a ɗaki.

Matata ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Baban Sa'a, yaushe ka yi wannan hancin?"

Na ce, "Ke kin saba da ni ne, shi ya sa ba ki ganina."

Baƙi kuwa in sun ɗaga kai sai su yi shiru. Na ɗauka kwarjinin ne ya kama su.

Ran nan wani dogon dillalin shanu daga Cadawa ya yi sallama, wai mai hoto ne ya kwatanta masa gidana. Ya miƙo mini hoton wani gajere mai faffaɗan kunnuwa, baki cike da shinkafa.

"Malam, ga naka, ba ni nawa."

Na duba da kyau, na rantse ban taɓa ganin wannan bawan Allah ba. Ƴata Sa'a ta leƙo ta ce, "Lah, Baba!"

Har yau in na je fada, wurin hirar abokai, shan shayi, sai an tambaye ni, "Kai ne da kanka, ko na Cadawa ne?"